Yadda ake yanka wuƙar kabaid da injin EDM mai waya

EDM inji ne da ke yanka ƙarfe da tartsatsin lantarki daga siririyar waya, a cikin ruwa; kabaid kuwa abu ne mai tsananin tauri da ake yin wuƙar yanka ƙarfe da shi. Fara ɗaure kabaid ɗin tam a teburin injin, ka duba da geji (ma'auni) ya miƙe. Zura wayar tagulla mai kaurin milimita 0.25, loda zanen siffar a injin, ka ware daga layin zanen rabin kaurin wayar da ɗan gibin tartsatsi (tazarar da ke tsakanin waya da kabaid), in ba haka ba awo zai kauce. Karkata wayar kamar digiri 7 kar bayan wuƙar ya riƙa gogar abin da take yankawa. Yankan farko fasawa ce kawai, sai ka maimaita sau 3 ko 4 kana rage wuta, kabaid fa ba ya son zafi, bakinsa tsattsagewa yake. Kana gamawa ciro shi ka busar, in ya kwana a ruwan injin, kobal, ƙarfen da ke riƙe shi, zai zaizaye.