Yadda Ake Shuka Dafodil Rawaya Mai Kakaki a Lambun Gida

Dafodil fure ne da ke tsirowa daga albasarsa, wato wani dunƙulallen tushe mai kama da albasar miya, kuma asalin nau'insa na daji yammacin Turai ne. Wanda ake kira mai kakaki shi ne wanda bututun da ke tsakiyar furensa ya kai tsawon ganyayen furen guda 6 da ke kewaye da shi, ko ya zarce su, kuma kowane kara fure ɗaya tak yake ɗauka. Daga cikin masu launin rawaya akwai King Alfred, wanda aka fitar a Ingila a 1899, sai kuma Dutch Master da ya fi yawa a hannun masu sayarwa a yau.

Abin da ya kamata mai shuka ya fara sani shi ne, furen da zai gani yana nan a naɗe a cikin albasar tun ranar da ya saye ta. Saboda haka zaɓen albasa shi ne rabin aikin shekarar farko. A ɗauki manya masu nauyi da tauri, a latsa gindinsu inda saiwa ke fitowa, idan ya yi laushi ko ya yi baƙi a bar ta, domin alamar ruɓa ce. Ƙananan albasa sukan ba da ganye kawai.

Lokacin shuka shi ne sa'ad da ƙasa ta fara sanyi amma ba ta daskare ba, wato daga Satumba zuwa Nuwamba a ƙasashen arewacin duniya masu tsananin hunturu, fure kuma ya buɗe a Maris ko Afrilu. Dalilin wannan lokaci shi ne albasar tana buƙatar sanyi na makonni 12 zuwa 16, ƙasa da digiri 9 a ma'aunin Selshiyos, kafin karan fure ya miƙe yadda ya kamata. Wanda ke zaune inda sanyi ba ya kai haka sai ya sa albasar cikin jakar takarda ya ajiye ta a firji na tsawon wannan lokaci, ba a sashen ƙanƙara ba, kuma nesa da tuffa da sauran 'ya'yan itatuwa masu nuna, domin iskar da suke fitarwa tana lalata furen da ke ciki. Bayan an fitar da ita a shuka nan take a lokacin da ya fi sanyi a shekara. A irin wannan yanayi ya fi kyau a sa rai da furen shekara ɗaya kawai, a nemi sabuwar albasa a shekara mai zuwa.

Wurin shuka ya zama mai samun rana aƙalla rabin yini, amma a ganina yadda ƙasa ke shanye ruwa ya fi komai muhimmanci. Albasar da ta zauna a ƙasa mai jiƙa da ɗumi ruɓewa take yi daga gindi, kuma idan ta fara babu magani sai a tone a zubar. Idan ƙasar yumɓu ce, a sassauta ta zuwa zurfin santimita 30, a gauraya da yashi mai tsakuwa da ruɓaɓɓen ganye, ko a yi kunya mai tudu a shuka a kai. Kada ɗanyen taki ya taɓa albasar.

Zurfin rami ya kai tsawon albasar sau uku, kimanin santimita 15, a dasa ta tsinin yana kallon sama, a bar santimita 10 zuwa 15 tsakanin ɗaya da ɗaya. Shuka sama-sama yana sa albasar ta rarrabu zuwa ƙanana marasa fure. Sun fi kyan gani idan an tara su rukuni-rukuni maimakon a jera su layi ɗaya. A ba su ruwa sosai bayan an rufe rami, sa'an nan a ci gaba da bayarwa idan ganye ya fito kuma ruwan sama ya yi ƙaranci. A tukunya ma suna yi, muddin tana da huda a gindi.

Inda mutane da yawa suke yin asara shi ne bayan fure ya bushe. A tsinke kan furen kawai don kada ƙarfin shukar ya tafi ga yin iri, amma ganyen a bar shi aƙalla makonni 6, har ya yi rawaya ya kwanta da kansa, kada a yanke shi kuma kada a ɗaure shi don neman tsabtar lambu. A waɗannan makonni ne ganye ke tara abinci a cikin albasa, wanda da shi za ta haɗa furen baɗi. Taki mai yawan fotash yana taimakawa a wannan lokaci. Idan ganye ya bushe a rage ruwa ƙwarai. Bayan shekaru 3 zuwa 5, idan an ga ganye ya cika amma fure ya ragu, a tone su, a raba 'ya'yan daga uwar, a sake dasawa da tazara.

Dukan sassan dafodil suna da guba, musamman albasar, kuma cinta yana kawo amai da gudawa ga mutum da dabbobin gida. Tunda tana kama da albasar miya, kada a ajiye ta kusa da kayan abinci ba tare da an rubuta sunanta a jikin jakar ba, musamman idan a firji take. Ruwan karan yana sa wasu ƙaiƙayin fata, don haka a sa safar hannu wajen yanka. Wannan ruwan yana kuma sa wasu furanni saurin yaushi, saboda haka idan an yanko dafodil don ado, a bar shi cikin ruwansa shi kaɗai na wasu sa'o'i kafin a haɗa shi da sauran furanni, kuma kada a sake datse karan bayan haka.