Yadda za a zamanantar da asibitin dabbobi ba tare da ɓarnar kuɗi ba

Masu asibitocin dabbobi da dama, idan suka sami ɗan jari, sukan fara tunanin sayen na'urar ɗaukar hoton ciki ko gyara fuskar gini, alhali abubuwan da suka fi cutar da dabba da mai ita da ma'aikaci suna nan yadda suke. Zamanantarwa tana da tsari, kuma wanda ya fara da abin da ya kamata ya zo a ƙarshe yakan ƙare da kayan aiki masu tsada da babu wutar da za ta tayar da su.

A fara da firji. Yawancin alluran rigakafi, ko na haukan kare ne, ko na kaji, ko na awaki da tumaki, ana ajiye su ne a sanyin da ke tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salsiyus, kuma zafi yana rage ƙarfinsu ba tare da kwalbar ta canza kama ba. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda tarihinta ya faro tun 1924, tana sarrafa rigakafi iri-iri, amma ingancin da aka fito da shi daga can ba ya isa jikin dabba idan firjin asibiti ya kwana babu wuta. Saboda haka firji mai aiki da sola ya fi janareta amfani, domin ba ya jiran mai. A sa ma'aunin zafi a cikinsa, a rubuta abin da ya nuna safe da yamma, kada a jera rigakafi a ƙofar firji, kuma kada kowa ya ajiye ruwan sha ko abinci a ciki. A tanadi ƙaramin akwatin sanyi da ƙanƙara don fita aiki a gidaje da rugage.

Abu na biyu shi ne rajista. Kowace dabba ta sami katinta mai ɗauke da jinsi, shekaru, nauyi, rigakafin da aka yi mata, maganin da aka ba ta, da lambar wayar mai ita. Kwamfuta ɗaya ko ma waya mai kyau ta isa a fara, muddin ana adana kwafi a wani wuri dabam. Amfanin wannan ya fi bayyana wajen 'yan kwikwiyo, waɗanda ake fara yi wa rigakafi tun suna da mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan 'yan makonni, sannan a yi musu na haukan kare idan sun kai wata 3. Mutane da yawa suna zuwa karɓar ta farko su manta da sauran. Saƙon tunatarwa ta WhatsApp ko tes kwana biyu kafin ranar yana dawo da su, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Sai tsarin harabar. Kyanwar da aka ajiye kusa da kare mai haushi takan firgita har ta gagara dubawa, shi ya sa ya kamata a raba wurin jira ko da da allon katako ne. A garuruwan Arewa, inda asibiti ɗaya yake karɓar kare da kyanwa da ragon layya da dokin sarauta, ya dace manyan dabbobi su sami ƙofarsu da turkensu a waje, ƙarƙashin inuwa. Mafi muhimmanci a nan shi ne ɗakin keɓewa. Ɗan kwikwiyon da ya zo da amai da gudawar jini yana iya ɗauke da cutar fabo, wadda ƙwayarta ke daɗewa watanni a ƙasa, kuma sabulu kaɗai ba ya kashe ta, sai an wanke wurin da sinadarin kulorin. Daɓe mai santsi da magudanar ruwa sun fi fenti mai kyau daraja.

Game da kayan gwaji, sikeli da madubin likita su ne kan gaba. Ana auna magani ne da nauyin dabba, kuma ƙiyasi da ido yana kai wa ga ba da abin da bai isa ba ko wanda ya wuce kima. Da madubi ana iya ganin ƙwan tsutsa a kashi da ƙwayar sammore a jini, wanda hakan ke hana a riƙa yi wa kowace dabba mai zazzaɓi allurar kashe ƙwayoyin cuta babu dalili. Magunguna kuwa a saya masu lambar NAFDAC, a riƙa fara amfani da waɗanda suka kusa lalacewa tukuna.

Ma'aikata su ne aka fi mantawa da su. Duk mai riƙe karnuka ya kamata a yi masa rigakafin haukan kare tun kafin a cije shi, a kuma ba shi safar hannu, takalmin roba da takunkumin kare masu girma daban-daban. A manna a bango cewa wanda aka ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa na tsawon minti 15, sannan ya tafi asibitin mutane nan take. Ɓullar ciwon saifa (anthrax, cutar dabbobi da ke kama mutum) a Suleja a shekarar 2023 ta nuna cewa gawar dabbar da ta mutu farat ɗaya ba abar feɗewa ba ce, sai dai a sanar da hukuma. Likitan da ke jagorantar wurin ya kasance mai rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, a kuma rataye takardarsa inda kowa zai gani.

Mai dabba kuwa yana son sanin abin da zai biya kafin a fara aiki, don haka a rubuta farashi a fili, a ba da rasit, a karɓi kuɗi ta banki ko POS. Kafin ya tafi, a rubuta masa yadda zai ba da magani da ranar dawowa, a kuma gargaɗe shi kada ya ba kyanwa farasitamol, domin yana iya kashe ta. Idan dabbar ta yanka ce ko ta tatsa, a faɗa masa kwanakin da zai jira bayan magani kafin a ci namanta ko a sha nononta.