Kyamarar Unity: kada ku ninka motsin linzami da Time.deltaTime

'Yan uwa masu haɗa gem a manhajar Unity, idan kyamararku tana juyawa da sauri a wata kwamfuta, a wata kuma tana jan ƙafa, ku duba nan tukuna.

Ku cire Time.deltaTime, wato lokacin da ya wuce tun firem (hoton allo) ɗin baya, daga lissafin linzamin kwamfuta (mouse).

Linzami nisan da hannu ya motsa tun firem ɗin baya yake bayarwa, lokacin yana ciki tuni. In kun sake ninkawa, mai firem 144 a daƙiƙa zai ji kyamara ta yi nauyi, mai 30 kuwa ta riƙa fizgewa. Ku ninka da wata tsayayyar lamba kawai, ku fara da 0.1.

Amma sandar hannun gem daban take. Ita daga -1 zuwa 1 take bayarwa, ba nisa ba, don haka dole sai an ninka da deltaTime da kuma saurin juyawa, misali digiri 180 a daƙiƙa. Shi ya sa haɗa su biyun a aiki (action) ɗaya cikin Input System, tsarin Unity na karɓar umarnin ɗan wasa, yake kawo rikici. Ku raba su.

Duban sama da ƙasa kuma, ku ajiye kusurwar a variable naku, ku taƙaita ta da Mathf.Clamp tsakanin digiri -85 da 85. Kada ku karanto ta daga eulerAngles, wato kusurwoyin juyi da Unity ke bayarwa, don -10 zai dawo muku 350, kyamara ta yi tsalle.