Kafin ka sayi amfilifayar da za ta ja sifiku shida daga kwamfuta, juya bayanta

Gidan kallona yana wani ƙauye kusa da Ringim, rumfar kwano ce da benci goma sha biyu. Ranar da babu ƙwallo, da laftof da majigi nake haska wa samari fim. Bara na ɗaura ɗamarar haɗa irin sautin nan da ke kewaye mutum, wanda in mota ta wuce a fim sai ka ji ta taso ta bayanka ta fice ta gabanka. Shi ake kira 5.1: sifika a hagu da dama, ɗaya a tsakiya mai fitar da magana, biyu daga baya, sai wufa mai gurnani.

Kwamfuta ita kaɗai ba ta da ƙarfin jan manyan sifiku. Ɗan ramin nan da ake jona abin saurare na kunne kuwa hanya biyu kacal yake fitarwa, hagu da dama. Ko ka tsattsaga waya ka jera sifiku goma, sauti biyun nan kake maimaitawa. Abin da kake nema shi ne amfilifaya mai hanyoyi biyar, wadda 'yan kasuwa ke kira risiba. Na hannu irin su Yamaha, Denon, Onkyo ko Pioneer ana samun su a Kano.

In ka je shago, mai kaya zai kunna maka ita ta gaba, fitilu na walƙiya, kiɗa na dukan ƙirji. Ka ce masa, "Alhaji, don Allah juyo min bayanta."

Fara da lambar wuta, domin nan na sha kashi. Wutarmu 230 ce. Kayan Amurka 120 suke sha, na Japan 100. Risibata ta farko ban duba ba, na kawo ta gida a bayan babur ina ta murna, ina jona ta a janareto sai ƙara da ƙauri. Mai gyaran rediyon garinmu ya buɗe, ya kalle ni, ya ce, "Yaya, ai wannan sai dai haƙuri." In ka ga 220 zuwa 240, madalla. In 120 ce, ko ka bar ta, ko ka sayi taransifomar rage wuta da ta fi ƙarfin abin da take ja.

Sai ƙofar shigar sauti. HDMI ta fi komai sauƙi: waya ɗaya daga laftof zuwa risiba, wata daga risiba zuwa majigi ko talabijin, kuma tana ɗaukar hanyoyi har 8. Amma ka gwada a wurin da laftof ɗinka, don akwai tsofaffin da ke wuce hoto kawai ta HDMI, ba sa karɓar sautin. Ramin oftikal mai jan haske hanya biyu yake ɗauka, sai fa in fim ɗin yana ɗauke da Dolby Digital ko DTS, wato tsarin da ke dunƙule hanyoyi shidan a wuri ɗaya. Mai babbar kwamfuta ta tebur kuma ya duba bayanta: kore na sifikun gaba ne, baƙi na baya, ruwan lemo na tsakiya da wufa. Waɗannan suna aiki ne in risibar na da ramuka shida na karɓarsu.

Maganar wat kada ta ruɗe ka. In ka ga kwali an rubuta 3000W PMPO, kurin ɗan kasuwa ne. RMS za ka nema, wato ainihin ƙarfin da take iya bayarwa a kai a kai. Ka kuma duba wutar da na'urar ke ja: wadda ke shan wat 80 a soket, ina za ta samo dubu uku ta ba ka? Abin da ya fi wat muhimmanci shi ne om, wato ma'aunin yadda sifika ke turje wa wutar da ke shigarta. Yawancin risibobin gida sifiku masu om 6 zuwa 8 suke so. In ka haɗa masu om 8 guda biyu a baki ɗaya sun koma 4, risiba ta yi zafi ta kashe kanta ana tsaka da fim, yara su fara ihun a mayar musu da kuɗinsu.

Wufa kuma, galibi risiba sigina kawai take tura mata, don haka sai mai amfilifaya a cikinta, wadda ake jona wa wuta daban. Ta tsohon hom tiyata mai wayoyi biyu tsirara ba za ta yi ba.

Bayan ka jona wayoyin sifiku, ja da ja, baƙi da baƙi, ka shiga saitin sauti na Windows, ka zaɓi risibar, ka danna Configure, ka zaɓi 5.1, ka gwada. Kowace sifika za ta yi ƙara ita kaɗai, nan za ka gane in ka musanya hagu da dama. Kada ka damu in fim ɗin Hausa ko na YouTube bai taɓa sifikun baya ba, yawancinsu hanya biyu aka naɗe su. Ka kunna Pro Logic a risiba ta rarraba musu.

Ni da nake aiki da sola wani lokaci, na lura ƙaramar inbata mai araha tana sa risiba yin zuuu kamar amyar zuma, sai da na canza zuwa mai tsabtatacciyar wuta. Da zafin bazara ƙarƙashin kwano nakan sa mata ƙaramar fanka, ba na kuma ɗora komai a kanta. Da hunturu, in an tashi kallo ta huce, sai in lulluɓe ta da tsohon zanen mai ɗakina saboda ƙura.