Yadda za ka sayi bulon wasan yara a shagon LEGO

In ka shiga kar hoton jikin kwali ya ruɗe ka, fara duba shekarun da aka rubuta da yawan bulon da ke ciki. Yaro ƙasa da shekara 3 Duplo za ka ɗauko masa, manya ne ba za su haɗiyu ba, don Allah kar a yi sake da wannan.

Sai ka nemi bangon Pick a Brick, nan ake zaɓar bulo ɗai-ɗai kalar da kake so a zuba a mazubin shagon, ni nan na fi daɗewa gaskiya. Ka harhaɗa manyan kafin ka zuba sannan ƙanana su cike gurbi, mazubin ya fi ɗauka. Kuma bulon da aka yi tun 1958 yana haɗuwa da na yanzu, to duba na gida kafin ka fito.