Yadda ake ceto tudun rairayin gaɓar teku idan akwai kufan masana'anta a bayansa

Kafin a kafa shinge ko a dasa ciyawa, abubuwa biyu ake fara sani: me aka binne a ƙarƙashin rairayin, kuma shekara nawa suka rage teku ta iso wurin. Wanda ya tsallake wannan, kuɗinsa ne zai bi ruwa.

Gaɓar Formby da ke arewa da Liverpool a Ingila ta isa misali. Daga 1956 zuwa 1974 an riƙa jibge dusar taba daga wata masana'antar nikotin a cikin tuddan, a wani ɓangaren kuma aka binne ɓaraguzan tsohon barikin soja. A lokacin wurin yana nesa da ruwa. Amma teku tana cin gaɓar mita 2 zuwa 4 duk shekara, yau ga dusar nan baƙi-ƙirin a jikin gaɓa, bulo da kankare ma a baya sun warwatsu a bakin ruwa.

Awo ake farawa da shi. A kafa turaku a kan tudu, mita 50 tsakaninsu, a riƙa auna tazararsu da bakin gaɓa duk wata da kuma bayan kowace guguwa, a haɗa da tsofaffin taswirori da hotunan sama. Idan sharar tana mita 60 daga gaɓa, teku kuma tana cin mita 4, shekara 15 ke nan. Sai dai kada a sakankance da lissafin: guguwar Disamba 2013 kaɗai ta kwashe fiye da mita 10 a Formby.

Sai ramukan gwaji, mita 25 zuwa 50 tsakani, a haƙa har a tarar da rairayi mai tsabta, a aika samfur ɗakin gwaji a duba dalma, gubar asenik, ragowar mai da asbesto, wani tsohon kayan gini da ƙurarsa ke cutar da huhu. Ciyawa ma tana tona asiri. Inda aka ga ganye kore shar ya yi duhu a tsakiyar rairayin da ba ya riƙe taki, akwai abin da ke ƙasa. Idan an ci karo da asbesto, a jiƙa wurin, a rufe, a bar wa masu lasisin kwashe shi.

Nan ne ake yanke shawara mai tsada. Idan gaɓar tana ja da baya shekara da shekaru, kwashe sharar shi ne magani, komai ɗacinsa. A tace ta, a maida rairayin mai kyau wurinsa, a niƙa kankaren a yi ciko da shi can cikin tudu. Jera manyan duwatsu yana sayen lokaci ne kawai, kuma yana da illa: igiyar ruwa tana kwashe rairayin gaban duwatsun, sannan ta zagaya ta ci ƙarshen layin fiye da da, sai a wayi gari shara ta ɓullo inda ba a zata ba. Inda gaɓa ke tsaye ko tana ƙaruwa, ana iya barin sharar, a shimfiɗa mata kyalle mai tace ruwa, a ɗora rairayi mai tsabta kamar mita 1.

Bayan haka ne shinge ke da amfani. Mutanen Gure da Maine-Sorowa a Nijar da na Yusufari a Yobe sun san wannan aiki, don da irinsa suke tsayar da rairayin hamada. Shingen ya kai tsayin mita 1, rabinsa itace rabinsa kafa. Wanda aka toshe ruf kamar bango, iska tana ƙwaƙule gindinsa ya faɗi. Mai kafa kuwa rage mata ƙarfi yake yi ta sauke rairayin da ta ɗauko. Turaku mita 2 tsakani, a nutsa su mita 1, a gicciye wa iskar da ta fi kaɗawa, kuma a kafa shi sama da inda ruwa ke kaiwa a babbar cikowar teku. Idan ya nutse, a kafa wani a kansa. A Ingila har busassun bishiyoyin Kirsimeti ake jerawa su yi wannan aiki.

Ciyawar da ake dasawa ita ce maram, wata doguwar ciyawa mai fitowa a rairayin bakin teku. Halinta abin mamaki ne: binnewa take so, in rairayi ya daina zubo mata sai ta yi rawaya ta lalace, ruwan gishiri kuma yana kashe ta. A tugo ta da saiwarta daga wuri mai kauri, kada a yi masa ƙarƙaf, a dasa a ranar, tsinke 3 zuwa 5 a rami mai zurfin santimita 20, rabin mita tsakani, a lokacin sanyi da danshi. A shimfiɗa rassa su rufe kamar kashi ɗaya cikin huɗu na wurin.

Abin da ya fi kashe dashe ƙafar mutane ce. Ƴar hanya ɗaya ta ishi iska ta buɗe rami ta ratsa tudun. A yi hanyar katako wadda ta karkace wa iska, a killace sauran har shekara 2 ko 3, a ci gaba da auna turakun nan.