Yadda ake ɗora tutiya a jikin kayan roba ba tare da ta ɗaye ba

Ka manta da batun tsoma roba a narkakkiyar tutiya irin yadda ake yi wa bututun ƙarfe da kwanon rufi, waccan tukunyar zafinta na kai digiri 450 a ma'aunin Celsius, ita kuwa robar ABS, wata irin roba mai tauri, tun wajen digiri 105 ta fara laushi. Da lantarki za ka yi, kuma tunda wutar lantarki ba ta bi ta jikin roba dole sai ka fara yi mata rigar ƙarfe tukuna.

ABS za ka nema, a wajena babu wata magana. PP, wata irin robar daban, ta fi arha, na sani, amma asid ba ya cin ta yadda ake so, kuɗin da ka rage a nan za ka mayar a kayan da suka lalace. Sannan ka roƙi mai injin zuba robar kar ya fesa silikon a mazubi, kuma kar kowa ya taɓa kayan ba safar hannu. Ka wanke da sabulun alkali mai ɗumi.

To ga inda sababbin hannu ke faɗuwa kullum, wajen cin asid. Ana tsoma kayan a ruwan kromik asid da salfurik asid, zafi tsakanin digiri 60 zuwa 70, minti 5 zuwa 15. Asid ɗin yana cinye ƴan ƙwayoyin butadayin (ɗaya daga cikin sinadaran da aka haɗa robar da su) da ke fuskar ABS ya bar ƙananan ramuka da ido ba ya gani, a cikinsu ƙarfen ke samun wurin kamawa, kamar dai yadda magini ke sassaƙa bango kafin ya yi filasta. Sai ka ga yaro yana sauri ya ciro kaya tun suna sheƙi, a gama komai ya yi kyau, bayan kwana biyu rana ta buga shi ya yi bororo, ka sa farce ya taso kamar takarda. Wani kuma don tsoron haka sai ya bar su su daɗe har fuskar robar ta ruɓe ta zama gari, shi ma ɗayewa zai yi. Abin da nake dubawa: ka ɗauraye ka ɗaga, in ruwa ya kwanta shimfiɗe ko'ina kuma sheƙin ya dushe, ya yi. In ruwan ya taru ɗigo-ɗigo a wata kusurwa, wurin bai ci ba, kar ka wuce gaba. Kuma ka sa tamomita a tankin, ka daina kintace.

Kromik asid guba ne mai jawo ciwon daji, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana amfani da shi sai da izini tun 2017. Takunkumi, gilashin ido, fanka mai zuƙe tururi, kuma don Allah kar a zubar da ruwansa a kwata. Ka kashe ragowarsa da ke jikin kayan a ruwan sinadarin bisalfait, in ba haka ba zai lalata maka faladiyam, ƙarfen da ke sa rigar farko ta kama robar, wanda shi ne mafi tsada a layin gaba ɗaya.

Sauran da sauƙi. Ruwan faladiyam da kuza, ɗauraya, ruwan cire kuzan, sai nikel na kemikal wanda ba ya buƙatar wuta, siriri ƙasa da maikuron 1 (kashi ɗaya cikin dubu na milimita). Ka ɗora jan ƙarfe wajen maikuron 20 da wuta kaɗan-kaɗan don kar ka ƙone wurin maƙalawa, kar ka tsallake shi, shi ke shanye bambancin buɗewar roba da ƙarfe in zafi ya zo. Sai tutiya maikuron 8 zuwa 12, ruwan fasibeshan mai kare tutiyar daga tsatsa, ka busar ƙasa da digiri 60. Ka ɗauki guda ɗaya ka tsattsaga da reza, manna salatif ka fizge. In ya taho da ƙarfe, koma tankin asid ka duba zafi da lokaci.